DODO YA MUTU, WA YA HAU KUJERARSA?

Jama'a, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a wannan mako, domin akwai wata gardama da ta taso a ofishin jam'iyyarmu wadda na ga bai kamata a bar ta a ɗaki ba. Maganar ta shafe ku, kuma da kuɗin karo-karonku za a yi aikin.

Kun dai ji samarin jam'iyya suna shirin wasan kwaikwayo wanda za a yi a bakin kasuwa ranar babban taronmu. Sun ɗauko tatsuniyar nan da kowa ya sha a wurin kakarsa, ta Dodon da ya tare gari, ana kai masa dabbobi da budurwa, har wani baƙo ya zo ya kashe shi. Wannan dabara ce mai kyau, Allah ya yi musu albarka. Inda aka rabu shi ne wajen ƙera Dodon. Waɗansu manya a cikin kwamiti sun kafe, sun ce lalle kafinta da mai fenti su yi wa Dodo fuskar wancan mutumin da kuka sani, da irin hularsa, da tumbinsa, da irin tafiyarsa, don kowa ya gane shi tun daga nesa a yi masa ature. Ni da nake riƙe da littafin taro na rubuta abin da suka ce kamar yadda aikina ya wajabta mini. Amma yau da alƙalamina na kaina nake cewa wannan shawara kuskure ce, kuma in aka bi ta an cuci talakawan da za su bar rumfunansu su zo kallo.

Kada wani ya ce son raina nake faɗa. An taɓa yin irin wannan wasa a wata ƙasa mai nisa, a gaban masu mulkin da suka fi namu iya mugunta nesa ba kusa ba, kuma abin da ya faru a can ya ishe mu darasi.

DODON MUTANEN RASHA

A ƙasar Rasha an yi wani marubuci ana ce da shi Yevgeni Shwarts. An haife shi a 1896, ya rasu a 1958. Sana'arsa ita ce ya ɗauki tatsuniyar yara ya mai da ita wasan manya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Hitila suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya, sai aka kwashe 'yan wasan wani gidan wasa na birnin aka kai su can Stalinabad, garin da yau ake kira Dushanbe a ƙasar Tajikistan. A can ne Shwarts ya ƙare rubuta wasansa na Dodo a 1943. Shugaban 'yan wasan, Nikolai Akimov, mai zane ne tun asali, saboda haka shi ke koya wa 'yan wasa, shi ne kuma ke tsara dandali da tufafi.

Ga yadda labarin yake. Wani Dodo mai kai uku ya yi shekara 400 yana mulkin wani gari. Kowane wata gari na kai masa shanu 1,000, da tumaki 2,000, da kaji 5,000, kowace shekara kuma ya zaɓi budurwa guda a kai masa, ba a sake ganinta. Wani baƙo mai suna Lansilot ya sauka a gidan ma'ajin takardun gari, ya tarar 'yar gidan, Elsa, ita aka zaɓa bana. Abin da ya ba shi mamaki, ba mai kuka. Mutanen gari har kare Dodon suke yi. Suna tuna masa alherinsa, wai da annobar kwalara ta zo shi ya hura wuta ya tafasa musu ruwan tafki, wai kuma zamansa ne ya hana waɗansu dodanni shigowa.

To, ku lura da nan, domin nan ne gaɓar maganata. Sa'ad da aka ji rugugi aka ce ga Dodo nan tafe, masu kallo na jiran su ga ƙaho da farata, sai wani dattijo ya shigo ɗaki da ƙafafunsa, mutum kamar kowa, mai tsayuwar soja, yana gaisawa da mutane. Ya daɗe a cikinsu har ya saba da siffarsu. Kawunansa uku kuwa fuskokin mutane ne, yana musanya su yadda ya ga dama.

Da Lansilot ya ce zai yaƙe shi, doka ta ce gari ya ba shi makamai. Magajin Gari da majalisarsa suka ba shi kwanon wanzami wai kwalkwali ne, da farantin tagulla wai garkuwa ce. Mashi kuwa sai suka ba shi takardar shaida mai hatimi, cewa mashin gari yana wurin gyara. Ni ma'aikacin ofis ne, na san irin wannan takarda, kuma na san ku ma an sha miƙa muku irinta. Waɗanda suka taimake shi a ɓoye su ne masu sana'a: masaƙa suka ba shi darduma mai tashi sama, mai ɗinkin hula ya ba shi hula mai layar zana, maƙeri ya ba shi takobi da mashi. Ana can sama ana gwabzawa, ɗan Magajin Gari yana ƙasa yana karanta sanarwa cewa kome lafiya lau, har aka kafa dokar hana duban sama wai don tsare lafiyar ido. Kawunan Dodo suna faɗowa tsakar gari ɗaya bayan ɗaya, sanarwa tana ta yi wa abin kwaskwarima.

Da a tatsuniyar kaka ne, nan za a ce ƙurunƙus. Shwarts bai tsaya nan ba. Lansilot ya ji rauni ya ɓace. Bayan shekara guda aka ɗaga labule, sai ga Magajin Gari, bawan Dodo na jiya, ya zama shugaban gari mai 'yanci, an rubuta a hukumance cewa shi ya kashe Dodo. Kurkuku cike da mutane, 'yan leƙen asiri na nan, mutanen gari suna koyon yadda za su yi masa tafi, kuma yarinyar nan Elsa da aka ƙwato daga Dodo, ita yake shirin aura dole. Da Lansilot ya komo ya kama shi, sai ya gane aikin da ya rage ya fi wanda ya wuce wuya, domin Dodo ya bar irinsa a zukatan mutanen da ya mulka.

DARE ƊAYA AKA YI

Sunayen mutanen cikin wasan irin na Jamusawa da maƙwabtansu ne, garin ma irin garuruwan Turai ne na zamanin da, saboda haka masu wasan suna da bakin cewa da Hitila suke. Ba ƙarya suka yi ba, da shi suke. Amma da aka nuna wasan a birnin Mosko a watan Agusta na 1944, dare ɗaya aka yi hukuma ta hana. Ba wanda ya ambaci sunan Sitalin a dandali, ba wanda ya manna wa Dodo gashin bakinsa. Masu mulki ne da kansu suka duba suka ga hotonsu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sitalin ya mutu a 1953. A 1956 magajinsa Kurushev, wanda ya yi masa hidima shekara da shekaru, ya tashi a taron jam'iyyarsu ya tona laifofinsa. A 1962, bayan Shwarts ya yi shekara huɗu a kabari, Akimov ya sake ɗora wasan a Leningrad. Wannan karo idon masu kallo bai tsaya kan Dodo ba, Magajin Gari suke kallo, kuma ba a daɗe ba aka sake janye wasan. A 1965 wani mai shirya wasa, Benno Besson, ya ɗora shi a Balin ta Gabas, shekara huɗu bayan an gina katangar da ta raba birnin. Mai tsara dandalinsa, Horst Sagert, ya bar Dodo a siffarsa ta tatsuniya, ya ƙawata gari da ado iri iri, bai aro fuskar wani shugaba ba. Wasan ya yi ta gudana har 1981, an nuna shi fiye da sau 500. Hukuma na cewa da 'yan Hitila da 'yan jari-hujja ake, mai kallo kuwa ya koma gida da abin da ya gani a ransa. A 1988 aka mai da labarin fim a Rasha, aka sake samun waɗanda rigar ta yi wa daidai.

Yanzu ina tambayar dattawan kwamiti. Da a ce Akimov ya bi irin shawararku ya yi wa Dodo fuskar Hitila sak, ina wasan zai kwana? Hitila ya mutu a 1945, da tare za a binne su. Da Sitalin da kansa ya zauna a sahun gaba ya yi tafi, ya koma ofis ya ci gaba da cika kurkuku. Abin da ya ba wasan nan tsawon rai shi ne an ɗinka rigar daidai da halin zalunci, duk wanda ya yi halin ta shige shi.

MU MA MUN GA MAGAJIN GARI

Wani zai ce ina ruwanmu da Rasha. To ai labarin namu ne tun kafin su rubuta nasu. A labarin Daura, da baƙo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da dare, wadda ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari na wayewa aka yi shelar lada, sai ga masu cewa su ne suka kashe ta. Ba su ji kunya ba sai da Bayajida ya fito da kan. Kakanninmu sun san duk ranar da Dodo ya faɗi, masu da'awar ƙarya sun fi mai takobi saurin isa fada.

Ku dubi tarihinmu na kusa. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, iyayenmu suka sha bulala da ɗauri a kan yaƙi da zaluncin En'e. Bature ya sauka a 1960. Aka zo aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Kawunan Dodo ke nan suna faɗowa tsakar gari, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka sare su. Amma ke mai koko da ƙosai, kai mai tireda, kai ɗan dako, ku gaya mini: mutum nawa ke zuwa rumfarku da ɗan littafin rasit a mako? Kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin lodi, kuɗin ƙungiya, kuɗin da ba shi da suna. Sharar tana nan tuli, kwata a toshe, in gobara ta tashi sai dai a yi ta salati ana ɗebo ruwa a bokiti. An sauya suna, an sauya riga, hannun da ke shiga aljihunku bai gaji ba.

Wannan shi ne abin da ya kamata wasanmu ya nuna. In muka ɗora wa Dodo fuskar mutum ɗaya, me muka gaya wa talaka? Mun ce masa ciwonsa mutum ɗaya ne, ranar da aka kawar da shi an sami sawaba. Wannan ƙarya ce, kuma mun sani. Mun wanke mai yanka rasit, mun wanke ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin kwata, mun wanke maroƙin da ke kiran ɓarawo adali, mun wanke mai raba atamfa da sabulu daren zaɓe, mun wanke wanda ya karɓa. Kowa ya yi dariya ya jefi Dodon kwali da ɓawon rake, ya koma gida yana ganin kansa tsarkakakke.

Zan kuma faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. A cikin masu matsa wa a yi wannan fuska, akwai waɗanda bara waccan a inuwar mutumin suke cin tuwo, sai da rabo ya tsallake su suka tuna da talakawa. Ban hana kowa tuba ba, ƙofar jam'iyya a buɗe take. Amma na gane dalilin da ya sa suke son a tattara laifi duka a rataya a wuyan mutum ɗaya. In aka tsaya a kan fuska, ba mai tambayar wanda ya riƙe wa Dodo akushi.

AMSAR MASU SUKA

Sun ce tsoro ne ya kama ni. Wasan da aka hana bayan dare ɗaya a Mosko ba shi da fuskar kowa, kuma waɗanda suka yi shi a zamanin Sitalin sun san abin da ake yi wa mai dogon baki. Wa ya isa ya kira su matsorata? Sa'an nan in hukuma ta sami hujjar cewa an ci mutuncin wani, wa za a kama? Kafinta, da mai fenti, da yaron da ya sa kan Dodo. Masu shawarar suna gida a kan katifa. Mun tuna yadda aka hana Hubert Ogunde wasa a Jihar Yamma a 1964 saboda wasansa Yoruba Ronu, ba a ɗage hanin ba sai 1966. In har za mu sa 'ya'yan mutane cikin irin wannan hatsari, to a yi shi a kan gaskiya cikakkiya. Zunɗen mutum ɗaya bai kai a kwana a caji ofis dominsa ba.

Sun ce kuma talaka ba zai gane ba sai an nuna masa da yatsa. Wannan raini ne, kuma irin rainin da muka kafa jam'iyya don mu yaƙa. Mutumin da aka yaye shi da labarin Gizo da Ƙoƙi, wanda ya san abin da ake nufi in an ce kura ta zama limamiyar awaki, shi za a koya wa habaici? 'Yar kasuwar da ke gane jabun kuɗi da taɓawa ɗaya? Marigayi Malam Aminu Kano tun yana saurayi yake rubuta wasannin kwaikwayo yana sukar zalunci da cuta, domin ya yarda talaka yana da hankalin da zai auna magana. Wanda bai yarda da haka ba, ya sake duban katin da ke aljihunsa.

YADDA NAKE GANIN A GINA DANDALIN

Don kada a ce na rushe ban gina ba, ga shawarata ga kafinta da tela da samarinmu.

Na farko, a ƙera kujera babba, wadda ta fi ƙarfin mutum, a kafa ta a tsakiyar dandali tun kafin a fara, kada a ɗauke ta har a tashi. Ita ce uwar wasan.

Na biyu, Dodo ya shigo da siffar mutum, yana murmushi, yana tambayar lafiyar iyali. A yi masa kai uku da zai riƙa musanyawa: ɗaya da hular soja, ɗaya da doguwar hular 'yan siyasa, ɗaya da tabarau da jakar takardu. Duk ukun mun ɗanɗana mulkinsu. Kada ko ɗaya ya yi kama da wani mai rai. Wutsiya da farata a bar su su riƙa leƙowa ta ƙarƙashin babbar riga, yara su gani su nuna wa iyayensu.

Na uku, a gefen kujera a ajiye ɗan tebur da littafin rasit da hatimi, da malamin da ke zaune a kai. Daga bakin dandali zuwa teburin a yi hanya, masu kai gaisuwa su bi ta cikin 'yan kallo da kaji da buhuna da kwanon awo, don kowa ya ga daga ina abincin Dodo ke fitowa. In an rasa mai yin malamin tebur, ni zan yi. Sana'ata ce, kuma ban fi ƙarfin a yi mini dariya ba.

Na huɗu, bangon gari a shafe gabansa da fenti mai kyau, a rubuta kirarin Dodo, amma a karkata shi yadda 'yan kallo za su hangi bayansa, kara ne da tsumma da sandar da ta tokare shi. A rataya lasifika a sama tana ta shelar cewa lafiya lau.

Na biyar, kuma a nan na san za a yi mini ca. In an kashe Dodo, kada a saki labule. A bar kujera wofi na ɗan lokaci, a yi tsit. Sa'an nan Magajin Gari ya lallaɓo ya hau, ya cire tsohuwar hularsa, ya zaro wata daga aljihu ya sa. Wannan hula kuwa a ɗinka ta da launin tutarmu. Malamin tebur ya juya sabon shafi ya ci gaba da yanka rasit. Daga nan sai masaƙa da maƙera da 'yan kasuwar cikin wasan su juyo su dubi 'yan kallo.

Za a ce na zagi jam'iyya a gaban jama'a. Jam'iyyar da ba ta iya duban wannan hoto tana hamayya, ranar da ta hau kujera ita ma za ta hana wasan bayan dare ɗaya. Muna neman ƙuri'arku ne don mu hau wannan kujera, gaskiya ke nan, ba abin ɓoyewa ba ne. To, ya fi kyau tun yau mu koya muku da hannunmu yadda za ku gane mu in mun fara tsirar da wutsiya. Shugaban da ke da niyyar riƙe amana ba abin da zai rasa a wannan. Wanda ransa ya ɓaci kuwa, ya taimake mu, mun san shi tun da wuri.

Saboda haka ina kira ga shugabannin rassa, da matan jam'iyya, da 'yan kasuwar da suka ba da kuɗin katako da yadi, ku zo taron kwamiti na gaba ku faɗi ra'ayinku. Kuɗinku ne, wasanku ne. In rinjaye ya ce a yi fuskar mutum ɗaya, zan rubuta a littafi kamar yadda aka yanke, amma zan roƙa a rubuta a ƙarƙashi cewa magatakarda bai yarda ba.

Allah ya ba talakawa sawaba, ya tsare mu da Dodo, ya kuma tsare mu da zama magadansa. Amin.